Yadda Malamin Karkara Zai Koyar Da Tarihin Al'ummar Ceroki

Shekarar farko da na shigar da labarin al'ummar Ceroki, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar Amurka, cikin zaman ƙungiyar tarihi ta makarantarmu, wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye na ƙasar Ringim, na tafka kuskuren da nake so in raba 'yan uwana malamai da shi. Da korar da aka yi musu daga ƙasarsu na fara, da dubban da suka mutu a hanya, a tunanina abin tausayi ne zai kama zukatan yara. Ya kuwa kama su, domin ajin ya yi tsit, amma ina rufe baki sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan yanzu sun ƙare?" Wani kuma ya tambaya ko su ne masu rawa da waƙa a fina-finan Indiya. Minti arba'in na shafe ina magana, ban bar wa yaran komai ba sai hoton wasu bayin Allah da aka zalunta suka shuɗe, alhali mutanen suna nan da ransu, da gwamnatinsu, da makarantunsu. Tsarin da zan bayyana shi ne wanda na koma bi daga baya, kuma yakan ci zama huɗu ko biyar.

Shiri na farko a gida ake yin sa. Tun da sabis ɗin waya a ƙauyukanmu sai an dace, malam ya yi amfani da ranar da ya shiga gari ya sauke hotuna uku a wayarsa: taswirar Amurka, da jadawalin haruffan Ceroki, da shafin farko na jaridarsu ta 1828. Wajen bincike a intanet sai a rubuta Cherokee, sunan maƙirƙirin rubutun kuma Sequoyah, ko da yake a aji Ceroki da Sikwoya za a riƙa faɗa. Idan da hali a ajiye darasin sai kaka, lokacin da kayan gona suke a hannu, domin da su za a buɗe.

Kafin komai a gyara suna. Yara da dama sun taɓa jin "Indiyawan daji" a bakin manya, kuma wajibi ne malam ya bayyana musu cewa kuskuren Kolumbus ne, wanda ya sauka a tsibiran nahiyar Amurka a 1492 yana zaton ya isa Indiya. Mutanen ba su da alaƙa da Indiya, kuma ba 'yan daji ba ne, manoma ne masu garuruwa. Suna kiran kansu Tsalagi, ko Aniyunwiya, wato ainihin mutane, kuma asalin ƙasarsu ita ce kudancin tsaunukan Afalashiya, inda a yau jihohin Jojiya, Tenesi, Alabama da Karolina ta Arewa da ta Kudu suke. A koya wa yara kalmomi biyu su riƙa amfani da su har darasin ya ƙare: "osiyo" ita ce gaisuwa, "wado" kuma godiya. Ƙaramin abu ne, amma yaron da ya gaisa da harshen mutane ba ya sake ɗaukarsu a matsayin tatsuniya.

Daga nan sai gona. Ni nakan shiga aji da goyon masara ɗaya, da tafin wake, da ƙaramar kabewa, in jera su a kan tebur, in tambayi wanda ya san yadda ake haɗa shuka a gonar gidansu. Babu ɗan ƙauyen da zai kasa bayanin yadda ake sa wake a tsakanin gero ko dawa, da yadda ƙasa take yin ƙarfi bayan wake. To, a kan wannan sanin nasu za a ɗora cewa matan Ceroki sun daɗe suna shuka masara da wake da kabewa a wuri ɗaya: karan masara ya zama abin hawan wake, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, faffaɗan ganyen kabewa kuma ya rufe ƙasa ya riƙe danshi ya danne ciyawa. Akwai gyara ɗaya da bai kamata a tsallake ba, wato waken nasu mai hawa ne kuma jinsinsa daban da namu, wanda shi ɗan asalin Afirka ne. Masara da kabewa kuwa daga can nahiyar suka zo mana, tare da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir, kuma na lura wannan batu yana girgiza yara fiye da komai, domin sun ɗauka tun fil azal ana gasa masara a bakin tasha. A harshen Ceroki sunan masara "selu", kuma shi ne sunan mace ta farko a labaran asalinsu. Idan masara ta nuna sukan yi babban biki, ba a cin sabuwa sai an yi shi, a kunna sabuwar wuta, a yafe wa juna laifuffukan shekara. Malam ya kawo waɗannan a matsayin abin da mutanen suka gada, kamar yadda muke kawo labarin Bayajida, ba tare da ya mayar da ajin fagen muhawarar aƙida ba, musamman da yake yawancin Ceroki na yau Kiristoci ne, wasu kuma suna riƙe da bukukuwan gargajiya.

Zama na biyu na dangantaka ne, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a zana kalmomi biyu a allo, baffa da kawu, a tambayi yara wane ne yake da ta cewa idan za a aurar da yarinya ko a raba gado. Kowa zai ce baffa. Sai malam ya ce musu a wurin Ceroki na dā abin a juye yake. Zuri'o'i bakwai gare su, Kyarkeci, Barewa, Tsuntsu, Fenti, Doguwar Suma, Dankalin Daji da Shuɗi, kuma yaro zuri'ar mahaifiyarsa yake bi, ba ta mahaifinsa ba. Gida da gona na mace ne, miji ne yake tarewa a wurin matarsa, idan aure ya mutu shi ne mai kwashe kayansa, tarbiyyar yaro namiji kuma tana wuyan kawunsa. Ba a aure a cikin zuri'a ɗaya, saboda haka auren zumunci irin wanda muka saba da shi tsakanin 'ya'yan ya da ƙanwa haramun ne a wurinsu. A nan ajin yakan kaure da hayaniya, samari suna dariya, 'yan mata suna murmushi, kuma ban cika hana su ba, domin a cikin hayaniyar ne suke gane cewa tsarin da suka tashi a ciki ɗaya ne daga cikin tsare-tsaren da 'yan Adam suka zauna a kai. Ana iya ambaton Nanyehi, wadda Turawa suka sani da Nancy Ward, mace mai riƙe da babban muƙamin da ya ba ta murya a majalisa da ikon ceton ran fursunan yaƙi. Sauran al'adu, kamar wasan ƙwallon sanda da suke kira anetsa da saƙar kwando mai ruɓi biyu da karan bakin kogi, a taɓa su a wuce.

Inda ya kamata a daɗe shi ne rubutu. Sikwoya maƙerin azurfa ne, bai iya karatu da kowane harshe ba, amma ya ga Turawa suna aika wa juna magana a takarda, sai ya ƙudurta cewa harshensa ma zai iya hawa takarda. Ya fara da ƙoƙarin yi wa kowace kalma alamarta, ya ga abin ba shi da iyaka, sai ya koma sauraron gaɓoɓin da kalmomi suke ƙunshe da su, ya yi wa kowace gaɓa alama ɗaya. Bayan aikin kimanin shekara goma sha biyu ya kammala a 1821 da alamomi 86, waɗanda 85 daga ciki ake amfani da su har yau. Mutanensa sun zarge shi da maita, har sai da ya gwada abin a gabansu tare da ƙaramar 'yarsa Ayoka: aka raba su, aka faɗa wa ɗaya magana ya rubuta, ɗayan ya karanta ta daidai. A 1825 majalisarsu ta amince da rubutun a hukumance, kuma cikin 'yan shekaru karatu ya bazu a tsakanin jama'a, domin mai jin harshen yana iya koyonsa cikin makonni kaɗan.

Wannan gwajin ne za a maimaita a aji, kuma babu abin da yake buƙata sai alli. A zaɓi gaɓoɓin Hausa shida, misali ma, sa, ra, ka, ta, na, a bar yara su ƙirƙiro wa kowace alamarta, wani ya zana ƙugiya, wani da'ira mai wutsiya, a rubuta su a gefen allo. Sai a fitar da ɗalibi ɗaya waje, sauran su zaɓi kalma kamar "masara" ko "takara" ko "nasara", ɗaya ya rubuta ta da sababbin alamomin, a kira na waje ya karanta. Ranar da muka fara yi, wani yaro da ba ya cika magana ya shigo ya tsaya gaban allo yana bin alamomin da yatsa, leɓensa yana motsi, can sai ya ce "nasara", ajin kuwa ya ɓarke da tafi kamar an ci ƙwallo. Bayan haka ne za a nuna musu jadawalin na ainihi, a gargaɗe su kada kamannin haruffa ya ruɗe su, domin Sikwoya ya ari siffar wasu haruffan boko ba tare da sautinsu ba: mai kama da D ana karanta shi "a", mai kama da R "e", mai kama da T "i", mai kama da W kuma "la". Masu suna Bala da Binta za su nemi harafin farkon sunansu su rasa, saboda harshen Ceroki ba shi da sautin "b". Rubutun nasu, kamar bokonmu, ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai mai karatu ya gane daga jimla. Za a yi sha'awar kwatanta shi da ajami, kuma babu laifi, sai dai a fayyace bambancin: malamanmu sun ɗauki haruffan Larabci da suka riga suka sani suka lanƙwasa su, shi kuwa mutum ne da bai san karatu ba ya gina tsari daga tushe.

Yanzu ne yaran suka shirya wa labarin kora, domin sun san abin da aka rasa. A 1827 Ceroki suka rubuta tsarin mulkinsu, suna da majalisa da kotu da babban birni mai suna Sabuwar Ecota. A ranar 21 ga Fabrairu, 1828 jaridarsu Cherokee Phoenix ta fara fita da harshensu da Turanci, Elias Boudinot yana editanta, wato fiye da shekara ɗari kafin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A shekarar ne kuma aka zaɓi John Ross ya zama babban shugaba. Duk abin da aka ce su yi domin a ɗauke su a matsayin wayayyu sun yi, amma aka gano zinariya a ƙasarsu ta ɓangaren Jojiya, manoman auduga kuma suka sa wa filayensu ido. A 1830 Shugaban Amurka Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yammacin kogin Misisifi. Ceroki ba su ɗauki makami ba, kotu suka tafi, kuma a 1832 Kotun Ƙolin Amurka ƙarƙashin John Marshall ta yanke hukunci, a shari'ar Worcester da jihar Jojiya, cewa dokokin jihar ba su da iko a ƙasar Ceroki. Hukuncin bai hana komai ba, domin gwamnatin tarayya ba ta tilasta bin sa ba, Jojiya kuma ta ci gaba da raba gonakinsu ga fararen fata ta hanyar ƙuri'a. Akwai wata maganar raini ga kotu da ake jingina wa Jackson wadda ta cika intanet. Masana tarihi suna shakkar ingancinta, don haka gara malam ya bar ta.

A wannan gaɓa a raba ajin biyu. A ranar 29 ga Disamba, 1835 wasu tsiraru, ciki har da Boudinot da Major Ridge (ɗansa John Ridge ya bi sahu daga baya), suka sa hannu a Yarjejeniyar Sabuwar Ecota, suka miƙa ƙasar a kan dala miliyan 5 da fili a yamma, ba da izinin majalisarsu ba. Hujjarsu ita ce ƙaura ta riga ta zama dole, gara a tafi da sharaɗi da a tafi da bakin bindiga. Ross da mafi rinjayen jama'a suka ƙi, suka aika takardar koke mai ɗauke da sa hannu kimanin 15,000, amma Majalisar Dattawan Amurka ta amince da yarjejeniyar da ratar ƙuri'a ɗaya. Rabin aji ya kare Ross, rabi ya kare Ridge, malam kuma ya kame bakinsa kada ya yanke hukunci da wuri. Ɗaliban da suka san tarihin gida za su tuno 1903 da kansu, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har aka kashe shi a Burmi, Waziri Buhari kuma ya zauna ya yi sulhu domin jama'a. Kwatancen yana da amfani wajen nuna nauyin da ke kan shugaba a ranar da babu zaɓi mai daɗi, amma yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta: Turawan da suka ci ƙasarmu mulki da haraji da gyaɗa suke so, sun bar manomi a gonarsa, waɗanda suka zo wa Ceroki kuwa gonar kanta suke so ba tare da mai ita ba.

A watan Mayun 1838, zamanin Shugaba Martin Van Buren, Janar Winfield Scott ya shigo da sojoji kimanin 7,000, aka riƙa fitar da mutane daga gidajensu ana tsare su a sansanoni, inda zafi da atuni da ƙyanda suka fara kashe su tun ba a kama hanya ba. Ross ya nemi a bar su su shirya tafiyar da kansu, aka kasa jama'a ayari goma sha uku, kowane kimanin mutum dubu, suka ratsa tsakiyar hunturu, wasu suka maƙale makonni a bakin Misisifi saboda ƙanƙara. Kimanin mutum 16,000 aka kwashe, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne 4,000 sun mutu, cikinsu har da Quatie, matar Ross. Ita ce ake kira Hanyar Hawaye. Lamba ba ta zama a kan yaro sai an auna ta da abin da ya sani, saboda haka a ce musu nisan ya zarce daga Kano zuwa Legas, da yawansu a ƙafa, sa'annan a sa su miƙe a ƙirga huɗu-huɗu, kowane na huɗu ya zauna. Babu buƙatar ƙarin bayani bayan wannan. A ranar 22 ga Yuni, 1839 aka kashe Ridge da ɗansa da Boudinot a sabuwar ƙasar, bisa dokarsu da ta yanke hukuncin kisa ga mai sayar da ƙasar al'umma.

Akwai ɓangaren da malami mai son labari ya tafi sumul zai so ya ɓoye, ni kuwa ina ganin ɓoye shi cin amanar darasin ne. Wasu masu arziki daga cikin Ceroki sun mallaki bayi baƙaƙen fata, kimanin 1,600 a ƙidayar 1835, kuma bayin sun taka wannan hanya tare da iyayengijinsu. Yarjejeniyar 1866 ta ba 'yantattun bayin da zuriyarsu haƙƙin zama 'yan al'umma, amma an daɗe ana jayayya a kai, sai a 2017 wata kotun tarayya ta tabbatar da haƙƙin. Mu da sunayen rinji da rumada suke warwatse a ƙasarmu ba mu da bakin yin mamaki, kuma yara sun isa su ji cewa wanda aka zalunta shi ma yana iya zama da nasa laifin.

Zama na ƙarshe shi ne amsar tambayar yarinyar nan. Waɗanda suka isa yamma sun kafa sabon birni a Tahlekwa a 1839, suka buɗe makarantu, har da babbar makarantar 'yan mata a 1851. Daga baya gwamnatin Amurka ta yayyanka ƙasar da suke riƙe da ita a dunƙule ta raba wa ɗaiɗaikun mutane, abin da duk wanda ya ga yadda gandu yake watsewa bayan rabon gado zai fahimta, kuma a 1907 yankin ya shiga jihar Oklahoma. A yau ƙungiyoyi uku ne gwamnatin tarayya ta amince da su: biyu a Tahlekwa, ɗaya kuma a Karolina ta Arewa, zuriyar waɗanda suka tsira a cikin tsaunuka, waɗanda a 1996 suka sake sayen filin Kituwa, garin da Ceroki suke ɗauka mahaifar garuruwansu. Babbar cikin ƙungiyoyin tana da 'yan al'umma fiye da 450,000, da asibitocinta da kotunanta, kuma mace, Wilma Mankiller, ta shugabance ta daga 1985 zuwa 1995. Haruffan Sikwoya suna cikin wayoyi da kwamfutoci.

Abin da yake cikin haɗari shi ne harshen. Bayan shekarun da aka yi ana hukunta yara a makarantun kwana saboda magana da shi, masu jinsa sosai sun ragu zuwa kimanin 2,000 a 2019, yawancinsu dattawa, shi ya sa aka buɗe makarantun da ake koyar da komai da harshen zalla. A nan malam ya yi hattara kada ya ce Hausa ma haka take, domin ba haka take ba. A wannan labarin Hausa tana ɓangaren mai haɗiyewa ne. A nan kusa, a ƙasar Haɗeja, an taɓa yin harshen Auyokawa da na Teshenawa, kuma babu mai magana da su yanzu. Saboda haka aikin gidan da nake bayarwa shi ne kowane ɗalibi ya zauna da kaka ko kakansa ya tambaye shi abu uku: daga ina zuriyarsu ta taso, me ya tashe su, kuma ko akwai wani harshe da magabatansu suke yi wanda su ba su iya ba. A rubuta amsar a shafi ɗaya, da boko ko da ajami, a kawo ranar Litinin. Malam ya tanadi zama guda na karanta su, domin a ajinmu sai da muka ƙara na biyu: ɗaya ya dawo da labarin ambaliyar da ta tashi tsohon garinsu, wata da na kakarta da ta zo daga Damagaram a shekarar yunwa, wasu uku kuma suka gano cewa kakanninsu da Fillanci suke ƙirga shanu.